Fashin baƙi: manhajar nan da ake haɗawa cikin minti 15 a gaban taro

Duk wanda ya taɓa zama a taron masu haɗa manhaja ya san abin da nake nufi. Mai gabatarwa zai jona laftof ɗinsa da furojekta, ya buɗe baƙin allon nan da ake buga umarni, ya ce jama'a kowa ya duba agogonsa, yanzun nan zan haɗa muku shafin intanet da fom ɗinsa da rumbun bayanansa kafin a kira sallah. Kuma wallahi sai ya haɗa ɗin. Ana tafi, samari na ɗaukar hoton allo da waya, kana fitowa sai wani ƙaninka ya tare ka a bakin ƙofa ya ce Yaya wai abin nan da gaske ne ko dai akwai abin da ya ɓoye a ƙasa? An sha yi min wannan tambayar, shi ya sa yau nake so na zauna na warware ta a nitse. Da gaske ne, babu siddabaru a ciki. Amma minti 15 ɗin nan akwai inda aka samo su, kuma wanda bai san inda aka samo su ba shi ne yake zuwa ya karɓi aiki ya ce wa mutum sati ɗaya zan gama maka, a yi wata huɗu ana kiran wayarsa ya kasa ɗauka don kunya.

Shi wannan salon gabatarwar yana da asali. A 2005 an yi wani babban taro na masu manhajar da kowa ke da damar ganin kod ɗinta ya gyara, ana ce masa FISL, a birnin Porto Alegre da ke kudancin Burazil. A nan wani matashi ɗan Danmak mai suna David Heinemeier Hansson, wanda aka fi sani da DHH, lokacin yana ɗan shekara 25, ya nuna wa mutane wani abu da ya haɗa mai suna Ruby on Rails. Ruby yaren rubuta kod ne da wani ɗan Japan, Yukihiro Matsumoto, ya fitar tun 1995, amma a wajen Japan ba kowa ya damu da shi ba. Shi kuma Rails firamwok ne, wato ƙwarangwal ɗin da ake ɗora manhajar intanet a kai. DHH ya fara daga babu, cikin minti 15 ya haɗa shafin da mutum zai riƙa wallafa rubutu, masu karatu su yi sharhi a ƙasa, har ya rage masa lokacin nuna yadda ake gwada kod. Aka ɗauki bidiyon allon aka sa a intanet, mutane suka yi ta saukewa suna turawa juna, kafin ƙarshen shekarar, a watan Disamba, Rails 1.0 ya fito.

In ka kalli bidiyon yau ba lallai ya girgiza ka ba, sai ka san halin da ake ciki a lokacin. Masu aiki da yaren Java a manyan kamfanoni kafin su ga ko da fom ɗaya a burauza sai sun cika fayil-fayil na saiti da ake kira XML suna yi wa kwamfuta bayani dalla-dalla, wannan abin a kod shi ne wancan tebur ɗin a rumbun bayanai, wannan sunan shi ne wancan gurbin, wannan adireshin kuma ya tafi wajen wancan, yini guda zai iya tafiya a haka ba a fara ainihin aikin ba. Masu yaren PHP kuma nasu da sauri amma da yawansu komai a cakuɗe yake a fayil ɗaya, umarnin rumbun bayanai da kwalliyar shafi duk a tukunya guda, in wanda ya rubuta ya bar aikin wanda ya gada sai dai ya yi ta salati. To sai ga yaro ya zo ya ƙirƙiri tebur mai suna posts, ya ƙirƙiri wani ɗan kod mai suna Post, bai gaya wa kowannensu labarin ɗan'uwansa ba amma suka gane juna. Ya rubuta layi ɗaya tak mai kalmar scaffold sai ga fom na sa rubutu, da na gyarawa, da jerin abin da aka sa, da maɓallin gogewa. Ya koma ya ƙara gurbi a tebur, ya sake loda shafin, sai ga sabon akwati ya fito a fom da kansa. Shi kansa a cikin bidiyon abin da yake ta jan hankalin mutane a kai shi ne su kalli tarin abubuwan da ba ya yi.

A nan ne zancen yake, don aikin da bai yi ba ai ba ɓacewa ya yi ba, an riga an yi shi ne tun kafin a hau dandamali. Rails ya zo da shawarwarin da aka riga aka yanke maka. Sunan abu tilo ne a kod, jam'insa ne sunan tebur. Kowane tebur yana da gurbi mai suna id. In sharhi na ƙarƙashin wani rubutu ne to akwai gurbin post_id a teburin sharhi, kai dai ka rubuta has_many a wannan gefen, belongs_to a wancan, shi ke nan an ƙulla su. Fayil ɗin da ke kula da bayanai ga jakarsa, na abin da ido zai gani ga tasa, na mai karɓar buƙata ya rarraba ga tasa, kuma wannan rabon ukun ma ba sabo ba ne, wani ɗan Norwe mai suna Trygve Reenskaug ya tsara shi a cibiyar bincike ta Xerox PARC tun ƙarshen shekarun 1970. Ka ɗauki misalin bulo. Magini ba ya zama ya auna kowane bulo kafin ya ɗora, ya san mai inci shida ne ko mai inci tara, mai walda ma ya san faɗin ƙofar da aka saba sawa, shi ya sa za ka wuce fili da safe ka dawo da yamma ka ga har an kai taga. Saurin daga yarjejeniyar yake zuwa. Ranar da mai gida ya ce shi ɗaki zagayayye yake so irin na da, ranar za ka ga magini da guduma yana fasa bulo ɗaya bayan ɗaya, saurin nan duk ya tafi.

Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa, shi ne Rails ba a ɗakin bincike aka zauna aka ƙirƙiro shi ba. DHH yana yi wa kamfanin 37signals na Chicago aikin wata manhaja ta tsara ayyuka mai suna Basecamp, wadda ta fito a 2004, daga cikinta ya zare sassan da ya ga duk manhajar intanet na buƙata ya sake su ga jama'a a watan Yulin shekarar. Django, wani firamwok irinsa na yaren Python, shi ma haka, a gidan jaridar Lawrence Journal-World a jihar Kansas ta Amurka aka haife shi, Adrian Holovaty da Simon Willison suna fama da editoci masu son a haɗa musu shafi yau-yau, shi ya sa har gobe abin da Django ya fi burge mutane da shi a taro shi ne shafin gudanarwa da yake ba ka kyauta, irin wanda ɗan jarida zai shiga ya zuba labari. Kowane ɗayansu yana da kamannin gidan da ya fito. Don haka in mai gabatarwa ya zaɓi misalin shafin rubutu da sharhi, ko jerin ayyukan da za a yi, ya zaɓi abin da ya yi daidai da jikin kayan aikin ne kamar an auna, sa bayani, duba shi, gyara shi, goge shi. Ban ce laifi ba ne, duk mai talla da mafi kyawun kayansa yake fara buɗewa. Kai mai kallo ne ya kamata ka tambayi kanka aikin da ke jirana a gida da wannan yake kama ko kuwa.

Bari na ba ku abin da na gani da idona. An taɓa yin wani ɗan ƙaramin taro a Kano, ba mu kai mu hamsin ba, wani abokin aikinmu ya tashi nuna Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011 ya kawo irin wannan tsarin cikin PHP. Misalin da ya ɗauka rajistar makaranta ce, ɗalibi da aji da kuɗin makaranta, kuma ya yi ƙoƙari sosai, cikin abin da bai kai rabin awa ba ya sa sunan yaro, ya zaɓa masa aji, ya danna an biya, rasit ya fito a allo. A layin baya akwai wata baiwar Allah da ta rako ɗanta, ashe ita ce mai karɓar kuɗi a wata makaranta mai zaman kanta, sai ta ɗaga hannu ta ce, Malam don Allah ina da tambaya, idan uba yana da yara uku a aji daban-daban, ya kawo kuɗi dunƙule bai kai na su ukun ba, ya ce a fara cike wa babbar tunda ita ke da jarrabawa, ragowar a raba wa ƙannen, sauran sai ƙarshen wata, a ina zan sa wannan? Ɗakin ya yi tsit. Shi kuma Allah ya ba shi gaskiya, ya ce Hajiya wannan tsarin da na yi ba zai ɗauka ba, don ni na ɗauka kowane biya na yaro ɗaya ne kuma cikakke ne. Ta ce ai kuwa a wajenmu irin wannan ya fi yawa, ga wanda aka yafe wa rabi don maraya ne, ga 'ya'yan malamai, ga wanda kawunsa ke turowa ta banki da sunan da ba na yaron ba.

Ni a wajena wannan tambayar ita ce abu mafi amfani da aka yi a taron, kuma saurin kayan aikin ne ya jawo ta. Da a ce takarda mai shafi talatin aka miƙa wa Hajiya aka ce karanta ki gaya mana ko tsarin ya yi, ba za ta gano ba, sai da ta ga fom ɗin da idonta ta ga akwatin kuɗi guda ɗaya tak sannan abin ya faɗo mata, gani ya kori ji. Kuma asalin manufar ke nan tun farko. Shi sunan da ake kiran salon da shi, wato haɗa manhaja cikin hanzari, Rapid Application Development da Turanci, James Martin ne ya yaɗa shi a 1991, tun kafin intanet ta shiga gidaje, kuma abin da ake nufi a lokacin shi ne ka yi saurin haɗa samfuri ka ajiye a gaban wanda zai yi amfani da shi, ya nuna maka inda ka kauce, ka gyara, ka sake kawowa. Mu ne daga baya muka mayar da samfurin kamar shi ne kammalallen aiki.

Sai abubuwan da minti 15 ba sa iya nunawa ko da mai gabatarwa ya so. A dandamali rubutu uku ne a rumbun, mutum ɗaya ne ke dannawa, kuma saba ɗin, wato na'urar da ke riƙe da shafin, a cikin laftof ɗinsa take. Akwai wata matsala da kusan duk wanda ya fara da irin waɗannan kayan sai ya faɗa mata, kana da rubutu 50 a shafi kana so ka nuna sharhin kowanne, kod ɗinka layi biyu ne mai kyan gani, amma a ƙasa manhajar ta je rumbun bayanai sau ɗaya ta ɗauko rubutun sannan ta koma sau 50 tana ɗauko sharhin kowanne daban, tafiya 51 ke nan a abin da tafiya biyu za ta yi. Kamar a aiki yaro kasuwa ya sayo tumatir ya dawo, a ce koma attaruhu, ya dawo a ce koma albasa. Maganin kalma ɗaya ce a Rails, includes, amma sai ka san abin da ke faruwa a ƙasa kafin ka san kana buƙatarta, kuma sauƙin da kayan aikin ya ba ka shi ne ya rufe maka ido daga ganin ƙasan.

Na tsaro ya fi wannan zafi. Cikin abubuwan da suka sa fom ke fitowa da sauri a Rails na da akwai cewa duk abin da fom ya turo ana iya kwashe shi gaba ɗaya a zuba a rumbu da layi ɗaya. To idan teburinka yana da gurbin da ke cewa wane ne shugaba, kai ba ka sa shi a fom ba amma wani mai wayo ya ƙara shi da hannunsa ya turo fa? In ba ka toshe ba zai shige. A watan Maris na 2012 wani ɗan Rasha mai suna Egor Homakov ya yi ƙorafi a kan haka, masu kula da Rails suka ɗauka nauyin mai haɗa manhaja ne ya kare kansa, sai ya bi ta wannan ƙofar a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu, wanda shi ma da Rails aka gina shi, ya cusa mabuɗinsa har ya tura rubutu cikin ma'ajiyar kod ɗin Rails ɗin kanta. Da Rails 4 ya fito a 2013 sai aka juya tsarin, dole ka lissafa gurbin da ka yarda a taɓa kafin a karɓa. Ka duba fa, GitHub ne, ƙwararru ne ke wajen, amma shawarar da aka yanke musu a ƙasa ta wuce su ba su lura ba.

Batun ko Rails na ɗaukar jama'a da yawa kuwa ba zan daɗe a kai ba don an cika shi da hayaniya. Masu suka kullum Twitter suke kawowa, wanda ya fara a kan Rails a 2006, ya yi ta faɗuwa lokacin da jama'a suka yi yawa har hoton kifin nan da ke fitowa in shafin ya tsaya ya yi suna, daga baya suka kwashe manyan sassa zuwa yarukan Scala da Java. Masu yabo kuma su ce ga Shopify na Kanada nan, dandalin buɗe shaguna a intanet, har yau a kan Rails yake kuma yana ɗaukar cinikin ranakun da Turawa ke rububin sayayya. Duka biyun gaskiya ne. Kuma yawancinmu manhajar da muke haɗawa ba za ta taɓa ganin kashi ɗaya cikin dubu na wannan cunkoson ba, abin da zai kayar da mu irin tambayar Hajiya ce.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na harshe, don a nan ne za ka gane cewa yarjejeniyar nan a wani gari aka ƙulla ta. Na ce muku Rails yana gane tebur ta hanyar jam'in suna. Jam'in Turanci ya sani, har masu wuyar, ka ba shi person ya nemo people. To ka ce kai da Hausa za ka sa wa abubuwanka suna don wanda zai gaje ka ya gane, ka rubuta Dalibi, sai ya tafi neman tebur mai suna dalibis. Gida ya zama gidas, littafi ya zama littafis. Ina zai san ɗalibai da gidaje da littattafai, jam'in da mu kanmu kala-kala ne a bakinmu? Akwai gyara, wani fayil ne mai suna inflections da za ka shiga ka koya masa kalma-kalma, ko ka gaya masa sunan tebur kai tsaye, amma ka ga ka koma yin bayanin da aka ce an hutar da kai. Haka haruffanmu masu lanƙwasa. MySQL, wani rumbun bayanai da ake yawan amfani da shi, ya daɗe yana zuwa da tsarin haruffan yammacin Turai a matsayin na asali, sai a siga ta 8 aka canza, kuma a tsohon tsarin babu ƙ babu ɗ babu ɓ, ko dai rumbun ya ƙi karɓa ko ya mayar da su alamar tambaya. Na taɓa ganin katin sakamakon yaro an buga unguwarsu da alamar tambaya a inda Ƙ ta Ƙofa take, uban ya riƙe takardar yana juyawa. Ba wanda zai ga wannan a taro matuƙar sunan da ake gwadawa da shi Test ne ko John.

Shi ya sa in ƙannena suka ce za su gabatar da irin wannan kayan a taro nake roƙonsu abu kaɗan. Ka yi minti 15 ɗinka, ka burge mutane, hakan na da kyau don shi ke sa yaro ya koma gida ya buɗe kwamfuta da zumuɗi, ni ma irin wannan bidiyon ne ya sa na fara. Ka sauke duk abin da kake buƙata tun a gida don intanet ɗin ɗakin taro ba abin dogaro ba ce, ka cika batir don ana iya ɗauke wuta kana tsaka. Amma in ka gama kar ka rufe laftof ana tafi. Ka buɗe ɗaya daga fayilolin da aka haifar maka ka karanta wa mutane layi-layi su ga ba tsafi ba ne, ka nuna musu allon da ke lissafa tafiye-tafiyen da manhajar ke yi zuwa rumbu, sannan ka ce wani ya taso ya canza maka sharaɗi ɗaya a aikin, ka gwada a gabansu ko da za ka maƙale. In ka maƙale ka faɗa, ka ce nan ne kayan aikin ya tsaya, daga nan ni ne zan yi da hannuna kuma zai ci kwanaki. Yanzu da manhajojin AI suka shigo abin ya ƙara gudu, a minti biyu ma ana fitar da shafi sukutum daga jimla ɗaya, kuma shawarwarin da ake yanke maka a ƙasa sun ninka na da, ba ka ma ga jakar da aka zuba su ba in ba ka nema ba.

Shi abokin namu bayan taron ya karɓi lambar ɗan Hajiya, ya je makarantar ya zauna kusa da teburinta kwana biyu yana kallon yadda iyaye ke shigowa da yadda take rubutawa a babban littafinta mai jan bango. Ya dawo ya rushe teburin biyan kuɗin gaba ɗaya, ya raba shi biyu, ɗaya na kuɗin da aka kawo da sunan wanda ya kawo, ɗaya na yadda aka rarraba shi a kan yara, ya ƙara wajen rangwame da dalilinsa. Fom ɗin rajistar ɗalibai da ya haɗa a gabanmu bai taɓa shi ba, yana nan yadda yake har yau. Ɓangaren kuɗin sati uku ya ci masa.